Siririyar Wayar Ustad Manzur

Shekara talatin da ɗaya, kafin ya sha shayin safe, Ustad Manzur Khokhar, ma'aikacin wutar lantarkinmu, sai ya zo ƙarƙashin taransifomar kasuwarmu ya karkata kai yana sauraron gurnaninta. Rumfar ɗinkina tana daidai gindinta. Tsoronta nake ji, ban taɓa ɓoyewa ba.

Shi ya koya mini abin da ke rataye bisa kaina. Wuta mai kisa ke shigowa ta sama, ta bi naɗin jan ƙarfe na farko, naɗi na biyu ya sauko da ita daidai ƙarfin keken ɗinki. Duka biyun a nutse suke cikin mai, man ke kwashe zafi ya kai wa haƙarƙarin ƙarfen da ke gefe, iska ta sha. Can sama kuma akwai fis, 'yar siririyar waya da ke tsinkewa in kaya ya yi yawa.

A kan wayar nan ya sha zagi. Lokacin dashen shinkafa kowa ya kunna injin rijiya, kullum sai ta tsinke.

"Ustad, zaren Rafik tela ka aro ne?" in ji Chaudhry Riyaz mai gonaki, yana nuna rumfata. "Sa mana mai kauri mu huta."

"Chaudhry sahib, aikinta ke nan, mutuwa. Ran da ta ƙi, gawar wani za a ɗauka."

Wata Laraba da Ustad ya tafi birnin Multan, aka hau aka sa mai kauri. Washegari da azahar gurnanin ya sauya. Mai ya fara ɗiga bisa rumfata yana hayaƙi. Masi Zubaida mai gurasa ta bar tanderu ta arce ba takalmi, ni kuwa na tsaya ina kallo. Bayan katanga 'yan mata tamanin ne a aji, har da 'yata.

Kai ne, Ustad, ka sauko daga motar Multan ka ratsa masu gudu, doguwar gorarka mai ƙugiya a hannu. Sau biyu ƙugiya tana kuskurewa, tafasasshen mai na zuba a kafaɗarka. A na uku ka fizgo mahaɗin wutar, tartsatsi ya tashi, gurnanin ya ɗauke. Tun ranar hannun nan bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba.

Juma'ar nan za ka ajiye aiki, dashe kuwa saura wata guda. Mun gode, Ustad, Allah ya biya ka. Mai gadonka ya yi koyi da kai, ya toshe kunne komai zagi.

Da ofis suka tambaye ka wa ya taimaka aka hau ran Laraba, ka ce ba ka gari. Ka sani sarai. Ina da ɗinkin biki, wuta na ta ɗaukewa. Ni na riƙe tsanin.