Jar Hula da Taubashina

Kakarmu ta wajen uwa ta san ba a yin tatsuniya da rana, amma tana da dabararta. Idan aka zube gyaɗa a tsakar gida a Dingaya, aka tara mu jikoki mu ɓare, sai ta ce abin da za ta faɗa labari ne, kuma labari ba ya ɓatar da kowa. Wannan a shekarun da Turawa ke shirin naɗe kayansu ne. Ni ɗan Birnin Kudu ne, can mahaifina yake, amma duk hutun makaranta Inna kan tura ni gidansu.

Labari ɗaya ne muka fi so, na jarumai uku. Akwai maharbin da ke samun kurciya daga tsallaken kogi. Akwai makiyayin da ya taɓa korar zaki da sanda kawai. Na uku malami ne, in ya ja layi a ƙasa da alƙalaminsa babu abin da ke ƙetarewa. Su ukun suka haɗu suka hau dutse, suka yaƙi wani aljani da ya toshe idon ruwan mutane, suka yi galaba a kansa. A cikin kogonsa suka tarar da wata jar hula. Kafin ransa ya fita aljanin ya gaya musu cewa duk wanda ya sa ta, har abada babu mai ce masa a'a, ko sarki ko uwar da ta haife shi. Suka tsaya suna kallon hular, suna kallon juna. Nan kakarmu takan karkaɗe zanenta ta ce gyaɗa ta ƙare. Mun roƙe ta, mun yi mata kuka, har ta koma ga Allah ba ta gaya mana wanda ya sa hular ba.

Wanda muka fi yin gardamar hular nan da shi ɗan kawuna ne, ɗan yayan Inna, wanda ya girme ni da shekara guda. Taubashina ne ke nan: shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka a wasanmu shi ne ubangida ni ne bawa. Tun da na yi wayo ban ji ya kira sunana ba. Bawana, zo nan. Bawana, ɗauko min ruwa. Ni kuma ina ce masa ɗan daji, wanda bai san bambancin agogo da marfin kwalba ba. Duk abin da taubashi ya faɗa maka ba a fushi, ramawa ake yi. Wanda ya ɓata rai shi ya faɗi, kuma har tsofaffi sai sun yi masa dariya.

A kan maharbi ba mu taɓa saɓani ba. Mutumin da ya saba kashe abu daga nesa, bai taɓa kallon idon abin da ya harba ba, ai kafin a ƙifta ido ya ɗora hula a ka. Rigimar tana kan sauran biyun. Ni na dage cewa makiyayi zai sa ta, ya kora shanunsa cikin gonar dawa, mai gona ya fito ya ce masa sannu da aiki. Taubashina ya ce ƙarya nake. Makiyayi me zai yi da hula? Shanunsa suna jin maganarsa ba tare da ita ba, kuma hula ba ta tsirar da ciyawa. Malami kuwa, na ce, shi kaɗai zai tsira, don ya yi karatu, ya san halal ya san haram. Ba sai na faɗa ba, ni nake zuwa makaranta, shi yana bin shanu, kowa jaruminsa yake karewa.

Muna samari, wata rana muna dawowa daga shayar da shanu, ya kawo wata magana da ta ba ni haushi. Ya ce ya gano yadda abin ya ƙare. Malamin ne zai ce wa sauran biyun hular nan masifa ce, su kawo ya ajiye kada ta halaka su. Zai sa ta a aljihu. Wata rana zai ga mutane suna abin da bai dace ba, ya ce bari ya sa ta sau ɗaya don ya gyara su. Daga nan shi ke nan, kuma har ya mutu yana ganin taimakon jama'a yake yi.

"Maharbi in ya sa, ya san ya sa," in ji shi. "Malaminka ko ya sa, rantsuwa zai yi kansa babu komai."

Na ce masa wannan tunanin wanda ya wuni da shanu ne, muka yi dariya aka wuce wurin.

Na gama makaranta na yi koyarwa 'yan shekaru. Sai kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, aiki ya yi ta neman masu takarda. Aka ɗauke ni a wani ofis a Birnin Kudu, aka ba ni tebur da masinja da babur. Aikina shi ne in zaga ƙauyuka in duba inda ake wahalar ruwa, in rubuta waɗanda suka fi cancanta a haƙa musu rijiyar siminti. Ba ni nake sa hannu ba, amma abin da na jera shi manya ke bi. Ƙaramin aiki ne, sai dai ya ishe ni lalacewa. Dattawan da suka yi jika da ni suka fara tuɓe takalmi a ƙofar ofishina. Ranar farko na ji nauyi, na tashi na ba su kujera. Bayan wata uku na daina tashi, bayan shida kuma in mutum ya shigo bai durƙusa ba sai in lura.

Unguwar su kawuna tana cikin jerin da na yi, kuma da gaskiya ta shiga. Da rani matansu tafiya mai nisa suke yi su tona yashi, su jira ruwa ya taru. Na sa su a na uku, kuma ina jin daɗin ranar da zan je in faɗa musu.

Wata safiya wani babban jami'i ya zo daga Kano duba aikinmu. Na sa sabuwar riga, na shirya takarduna, ina ta yi masa bayani da Turancin da na kwana biyu ina gogewa. Ina tsakiyar magana sai na ji murya daga baranda, muryar da aka saba kiran shanu da ita:

"Ina bawan nan nawa? A gaya masa ubangidansa ya iso."

Taubashina ne, da malfarsa da sandarsa, ƙafafu furu-furu, ya rako dattawan unguwarsu biyu jin labarin rijiya. Ya leƙo ya gan ni bayan tebur, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa dattawan su duba, ashe malamin ne ya sa hular. Su ba su san zancen ba, amma suka yi dariya. Baƙon ma ya yi murmushi, don shi ma Bahaushe ne, yana da nasa taubasan. Ya tambaye ni ko abokin wasa ne.

Amsar tana bakina. Abin da ya kamata in ce shi ne wa ya kwance wannan ɗan dajin ya bar shi ya shigo gari ba igiya, a yi dariya, in ba su wuri su zauna. Da baƙon ma ya ƙara ganin girmana. Amma wanzami ba ya son jarfa. Na ji kamar an tuɓe min rigar a gaban mutane. Na ce wa baƙon wani mutumin ƙauye ne kawai. Sannan na juya na gaya wa masinja, da Turanci, ya fitar da su su jira a waje. Taubashina bai ji Turancin ba, amma ya ga hannun masinja a kafaɗarsa. Ya ci gaba da murmushi na ɗan lokaci yana jira in fashe da dariya, don ya ɗauka wani sabon salon wasa ne na fito da shi. Ban ɗaga kaina daga takarda ba.

Suka zauna ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban ofis. Baƙo ya tafi kafin azahar. Ina ganinsu ta taga, kuma babu abin da ya hana ni fita sai cewa ban san da wace fuska zan fita ba. Kunyar ta koma min haushi: shi ya ja, wa ya ce ya zo ya yi min haka a wurin aiki? Da la'asar na ga sun tashi sun kama hanyar tasha.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Washegari na ɗauko jerin na duba, na ce a raina duk da abin da na gaya masa, baƙo ya riga ya gane ina da dangi a Dingaya. In rijiya ta tafi can za a ce na yi son kai, mutuncin aikin ya zube, sauran ƙauyuka su daina yarda da mu. Na mai da unguwarsu can ƙasa, na hau da wata. Wallahi a ranar ina jin kaina mutum mai gaskiya, wanda ko danginsa ba ya ragawa. Har na so wani ya lura ya yaba min. A shekarar ba a kai kansu ba, haka ma ta bayanta. Matan kawuna da 'ya'yansa suka ƙara rani biyu suna tonon yashi saboda an kira ni bawa a gaban baƙo, sunan da na yi shekara ashirin da wani abu ina amsawa.

Inna ta ji labari, don dattawan nan ba su ɓoye ba. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye min tuwo, ta zauna gefe, ta ce ita dai a gidansu ba ta taɓa jin wanda ya kai ƙarar taubashinsa wurin masinja ba, sai a kan ɗanta. Ta tashi ta shiga ɗaki. Tuwon nan ban iya ci ba.

Na yi wata huɗu ina kewaye-kewaye kafin wani bikin suna ya tilasta min zuwa Dingaya. Tun a hanya nake shirya zagin da zan tari taubashina da shi, irin namu, don in ya rama shi ke nan an wuce wurin. Na kashe babur a ƙofar gida, ya fito. Kafin in buɗe baki ya tuɓe takalmansa ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, an zo lafiya? Ya aiki?"

Na yi dariya na ce ɗan daji yau kuma wane iskanci ne wannan. Ya ce Allah ya huci zuciyar Malam. Babu gatse a muryarsa, na saurara da kyau ina neman gatsen ban samu ba. Ya sa aka shimfiɗa min tabarma ni kaɗai, aka kawo min fura a sabuwar ƙwarya, shi kuma ya koma cikin jama'a. A gidan da aka saba tura ni ɗebo ruwa, ranar nan baƙo na zama.

A shekara ta uku na yi ruwa na yi tsaki har aka haƙa musu rijiyar. Na ɗauka ita za ta gyara. Sai ga shi ya zo gidana da zakara da ƙwaryar man shanu, ya zauna a zaure a ƙasa, ya yi godiya a madadin unguwa kamar yadda ake yi wa manya. Na ce masa ya bari, na ce na yi kuskure ranar nan, ya yafe min. Ya ce ai babu komai, shi ne bai san wuri ba, kuma ya yafe duniya da lahira. Na yarda ya yafe, don ba mutum ne mai riƙo ba. Bai taɓa fasa zuwa sunan 'ya'yana ba, da Inna ta rasu shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Duk wani haƙƙin zumunci ya sauke. Wasan ne kawai bai dawo ba, kuma shi ba a roƙonsa.

Aikin ya ƙare kamar yadda irinsa ke ƙarewa. Aka canza tsari, aka ba wani teburin, masu tuɓe takalmi suka bi shi. Na koma aji da allina har na yi ritaya.

Zuwana na ƙarshe wurinsa, mun tsufa mu duka, ƙafa ta hana shi bin shanu. Na same shi da hantsi a ƙofar gida yana tufka igiya, jikokinsa na wasa a gefe. Na tsaya a kansa na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce ubangidana, ga bawanka ya zo gaisuwa, ko akwai aike. Na ga bakinsa ya motsa, na ga abin ya taso masa har idonsa ya yi haske, na tsaya ina jira kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

"Subhanallahi, Malam," ya ce. "Wane ni."

Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya shiga gida da kansa ya ɗauko min kujera.