Maki Huɗun da Malam Jibrilla Ya Hana Ni

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1997, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Jibrilla Manga, malamin lissafi, a gidansa da ke unguwar Sarkin Dawaki, Jalingo, bayan jinyar mako biyu. Ina Maiduguri labarin ya same ni, kwana uku bayan an binne shi. Wani direba ɗan garinmu ne ya faɗa mini a tasha yana ɗaure kaya, bai san nauyin abin da ya sauke mini ba.

Malam, ban samu jana'izarka ba. Abin da ya rage mini shi ne in faɗa wa mutane ko kai wane ne, ko da yin hakan zai tona nawa asirin.

Sunana Lois Simeon, 'yar manomin doya daga wani ƙauye kusa da Sunkani. Na gama ƙaramar sakandare a 1991, shekarar da aka ba mu jiha. Jalingo ta cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Yola, 'ya'yansu suka cika makarantarmu, ajin kimiyya kuwa mutum arba'in kawai yake ɗauka. Da aka manna sunaye, na ga nawa a ajin adabi, domin lissafina ya yi rauni. Ni kuma likitanci nake so tun ranar da kububuwa ta sari yayana Peter a gona, ya cika a kan hanya kafin a kai shi inda ake da magani.

Kwana uku ina tsayuwa a ƙofar ofishin malamai, ba wanda ya tambaye ni me nake jira sai kai. Ka saurare ni har na gama, sannan ka kai ni gaban firinsifal, Mista George. Ya ce an rufe sunaye. Ka roƙe shi zango ɗaya na gwaji, ni da wasu biyar: wanda ya kai maki hamsin a lissafi ya zauna, wanda bai kai ba ya koma inda aka sa shi. Ya yarda da ƙyar.

Zangon nan ban san hutu ba. Da asuba mu 'yan kwana mu je ɗibar ruwa, mu share fili, mu shiga aji da guntun garin kwaki a ciki. In an tashi ƙarfe biyu, kowa ya nufi ɗakin cin abinci, mu shida mu koma gabanka har la'asar. Ba ka taɓa ɗaga mana murya ba, amma ba ka taɓa barin kuskure ya wuce ba. Lissafi ɗaya sai ka sa in sake shi sau bakwai.

A makon ƙarshe na zangon aka ba da sakamako. Arba'in da shida na ci.

Na same ka a ofis kai kaɗai, na durƙusa, na roƙe ka maki huɗu. Kai ka yi makin, babu wanda zai sani. Ka ajiye biro ka ce, “Lois, in na ba ki huɗu yau, wa zai ba ki ranar da mara lafiya ke kwance a gabanki?” Sai na miƙe na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce ashe gaskiya ne, naku kawai kuke taimaka wa. Ka dube ni, ka ɗauki takarda ta gaba.

Da na tsaya a nan, da sauƙi. Amma na maimaita maganar a ɗakin kwana ina kuka, kafin gari ya waye ta zama wani abu dabam: wai malami Musulmi ya kori Kirista daga ajin kimiyya. Wanda ya zauna a Jalingo a shekarun nan ya san irin wannan magana ba ta tsayawa a cikin shingen makaranta. Ranar Laraba ɗakin cin abinci ya rabu biyu, waɗanda suka shekara uku suna cin kwano ɗaya suka daina gaisawa. Aka sace iskar babur ɗinka, ka tura shi da ƙafa har gida. Ranar Alhamis aka ga tarin duwatsu a bayan ɗakin kwanan maza. Abokan aikinka suka ce ka zauna a gida sai an yi hutu. Ka zo, ka shiga aji, ka juya wa ɗalibai baya kana rubutu a allo kamar kullum. Ina kallo ta taga.

A ranar firinsifal ya kira mu ofis. Ya ce zai manna takardar jarrabawata a allon sanarwa, kowa ya ga makin da idonsa. Hakan zai wanke ka nan take. Ka ƙi. Ka ce, “Yarinya ce, baƙin ciki ne ya yi magana. In aka manna takardar nan, ba za ta ƙara ɗaga kai a makarantar nan ba.” Mista George ya fusata, ya turo mini jerin sunayen, ya nuna na Mahbuba, ɗaya daga cikin mu shidan. Arba'in da takwas ta ci, ita ma an cire ta. Ya ce, “Kin san 'yar wa ce? 'Yar ƙanwarsa ce, a gidansa take zaune.” Zango guda muna zama benci ɗaya, ba ka taɓa nuna ka san ta fiye da mu ba.

Washegari a taron safe, kafin a sallame mu, na fito gaba ba tare da an kira ni ba. Ɗalibai kusan dubu suka zuba mini ido, manyan maza a baya sun harɗe hannuwa. Na faɗi makina, na faɗi abin da na roƙe ka, na faɗi na Mahbuba. Wani daga baya ya ce tsoratar da ni aka yi. Na ce duk mai shakka ya biyo ni ofis ya ga takardar. Babu wanda ya biyo ni. Aka watse a hankali, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Da yamma masu shara suka kwashe duwatsun.

Na ɗauka tsakanina da kai ta ƙare. Na ƙarasa shekarar a ajin adabi ina sunkuyar da kai in na hango ka. Sai ga shi dab da ƙarshen shekara ka kira ni ka ce hanya ɗaya ta rage: in sake ajin daga farko, a kimiyya, tare da ƙannena na makaranta. Mahbuba ta zaɓi zama a adabi, ka sa mata albarka, yanzu haka shari'a take karantawa. Ni na ce zan sake. Babana ya ce bai yarda ba, shekara guda ba wasa ba ce, in dawo gida in kama aiki.

Ka hau babur cikin damina, ka bi taɓo har ƙauyenmu, ka same shi a gona. Ya dogara da fartanya ya ce, “Malam, wannan yarinya ya zage ka, kai kuma ka zo nema masa hanya?” Ka ce, “Baba, a ofis ta zage ni, a gaban mutum dubu ta wanke ni. Mai irin wannan zuciya ba a barinta a hanya.” Sai ya ce, “To, ɗauke shi. Doya ma in ya ruɓe, ana sake shuka.”

Shekarar ba ta yi daɗi ba. 'Yan ajina na dā suna gaba da ni, sababbin suna kirana Kaka. Sau biyu na haɗa akwatina. Duk lokacin da ka ji, ba ka yi mini wa'azi, sai dai ka miƙo mini sababbin tambayoyi ka ce gobe kake son amsa. A ƙarshen zangon farko na ci saba'in da ɗaya. Ka rubuta makin, ka miƙo mini takardar, ka ce akwai ashirin da tara da suka ɓata, in je in nemo su. A 1995 na ci jarrabawar fita, yanzu ina koyon likitanci.

Da na zo gaisuwa, matarka Malama Fanta ta ce har a kan gadon jinya kana tambayar yara tara da ka ɗauka gwaji bana, waɗanda jarrabawarsu ke zuwa a Disamba. Na je na gan su, suna zaune a ajin bayan an tashi, babu kowa a gaban allo. Na nemi izinin koya musu, an ba ni. Zan riƙa sauka daga Maiduguri duk Asabar ɗin da karatu ya bar ni, har su zauna jarrabawar. Ban kai ka ba, Malam, amma ba za su shiga su kaɗai ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Fanta, da 'ya'yanka Nasiruddeen da Saleh, da Mahbuba, da malamai da ɗaliban makarantarmu, Musulmi da Kirista. Babana ya ce in gaya muku shi ma nasa ne ya rasu.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya ba iyalinka haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. Idan tamu ta zo, Ya sa mu tafi da hannu mai tsabta kamar naka.

Lois Simeon,
Jalingo.