Turaren da na yi wa tagwayen ƙanwata

Shekarun baya, ƙanwata ta haifi tagwaye mata a Dutse, bakwaini. Sai da suka yi sati uku a asibiti. Ranar sallama nas ta zaunar da mu.

"Hajiya, huhunsu bai yi ƙwari ba tukuna. Shi ne kusan ƙarshen nuna a ciki, su kuma ba su jira ba. Ban da hayaki, ko da na turare ne. In da sanyi, uwar ta sa su a ƙirjinta."

Na ce to. A raina kuwa cewa nake, wannan da na haifi sa'arta ita za ta koya mini jego? Ni mai 'ya'ya shida?

Ga shi sana'ata ke nan, haɗa turaren wuta. A ce 'yan barka su shigo ɗakin ƙanwata su ji ƙarni? Ranar da dangin mijinta za su zo daga Jahun, da hantsi ta shiga wanka, na ɗebo garwashi a kasko, na zuba mafi kyau a cikin kayana. Har taga na rufe don ya kama labule.

Da ta fito, sai muka tarar ƙirjin ƙaramar yana lotsawa, leɓenta ya yi duhu, kuka ma ta kasa. Ko mayafi ban ɗauka ba muka faɗa adaidaita sahu.

A asibiti, sai da nas ɗin nan ta sa wa yarinyar abin numfashi, sannan ta shinshina zanen goyon.

"Wa ya yi turare?"

Mijin ƙanwata na tsaye. Bakina ya mutu.

"Ni ce," in ji ƙanwata. "Mantawa na yi."

Nas ta wanke ta tas a gabana, ita da ɗanyen jego, ni kuwa ina kallon ƙasa. Kwana biyar yarinyar ta yi kafin numfashinta ya daidaita. Da na nemi gafarar ƙanwata, cewa kawai ta yi, "Yaya, bar maganar nan."

Kunyar turaren da sauƙi, rashin sani ne da taurin kai. Shirun da na yi shi ke cina har yau.

Yarinyar yanzu tana aji uku, ta fi 'yar'uwarta gudu. Amma duk ranar da aka kunna turare a gidan, sai mijin ya tsokani ƙanwata: "A dai buɗe taga, kar a maimaita mana." Sai ta yi dariya. Ba ta taɓa kallon inda nake ba.