Kifin da Malsun ta yi ta ciyar da mamaci

Duk kasuwar kifi ta garinsu babu mai bakin Gu Malsun, babu kuma mai wuƙarta. Tun tana amarya take fiɗa, har gashinta ya yi fari, mijinta masunci Tak Bongsu ya riga ta gidan gaskiya. Kowace shekara, ranar tunawa da shi, takan jera masa abinci gaban hotonsa: shinkafa, miya, giya, da tsire mai gishiri na naman shak, babban kifin tekun nan mai kaifin haƙora. A yankinsu, teburin mamaci in babu shak, to an bar shi da yunwa ke nan.

Bana ma ta samo irin na kullum: kai shimfiɗaɗɗe kamar bakin shebur, daga ƙugu zuwa wutsiya kuwa shak sak, har da ƙayoyi biyu a baya. Tana wasa wuƙa sai ga Gumre, ƙanwar marigayin, wadda ba ta taɓa shiga gida ta fita ba ta bar magana ba.

"Matar yaya, wannan za ki ba shi?"

"A'a, ke zan ba, ko bakinki ya huta."

Gumre ta sa ƙafa ta kifar da kifin. "Ina tsagun numfashinsa?"

Malsun ta duba wuya ta gefe, inda na shak suke. Sumul. Sai ga su can ƙasa, a farin cikinsa, layi biyu bayan baki. Fukafukansa kuma manne da kai, babu rabuwa.

"Ba shak ba ne, ɗan uwan faffaɗan kifin nan ne mai kwanciya cikin yashi," in ji Gumre. "Wutsiya kawai ya aro."

Malsun ta tsuguna. Ta fiɗe irinsa ba adadi, ta ga tsagun nan, ba ta taɓa tambayar kanta ba. Ta sa yatsa ciki, ta leƙa ramukan bayan idonsa, ta shafa haƙoran, ashe dasassu ne kamar dutsen niƙa. To duk shekarun nan me Bongsu yake ci? Ko da yunwa yake komawa?

"Wa ma ya ce miki shak ne?" in ji Gumre.

Sai Malsun ta tuna. Shekarar aurenta, ranar tunawa da surukinta, Bongsu ne da kansa ya dire mata irin kifin nan a tsakar gida, ya ce ga shak ɗin Baba. Mutumin da ke gane kifi daga yadda yake jan igiya! Shak na ainihi kuwa shi da abokansa suke gasawa a bakin ruwa.

Ta yanka, ta barbaɗa gishiri, ta soke a tsinke. Da ranar ta zo ta ajiye gaban hoton, ta zuba giya, ta durƙusa yadda ya kamata.

"Ci, maƙaryaci," ta ce. "Baba na kusa da kai, sai ka yi masa bayani."