Hannun Zailani Wanzami

Zailani wanzami ne a Getso, gado ya yi ba haye ba. Shekara arba'in yana yawo da zabira a kafaɗa, rabin mazan garin shi ya yi musu askin suna, shi ya yi musu kaciya. Ba shi da yawan magana, amma wajen kafiya sai dai a sallama masa. Arzikinsa duka hannunsa na dama ne, wanda bai taɓa rawa a kan jariri ba.

Da yawan fitsari ya dame shi, ya rame kamar kara, matarsa Dela ta tasa shi gaba zuwa asibiti a Gwarzo. Aka ce ciwon suga ne, ga kuma hawan jini. Malamar asibitin ta ba shi ƙwaya iri biyu, ta ja masa kunne cewa mai suga ba ya wasa da maganin hawan jini, domin in su biyun suka haɗu jijiyoyi suke ci, kuma ba sa sallama.

Ta suga ya riƙe ta, don ya ga aikinta. Ta hawan jinin kuwa ya cusa ta a ƙasan zabira. Wai shi za a koya wa jini? Duk wata sai ya hau babur zuwa Gammo, abokin sana'arsa Sabi'u ya kafa masa ƙaho huɗu a ƙeya da gadon baya. Ya dubi baƙin jinin da aka zubar, ya ce ai ga cutar nan ta fita. Tsagar ta daina warkewa da wuri. Dela ta yi magana har bakinta ya gaji.

Wata Talata yana askin suna a gidan mai unguwa, ya aske rabin kan jaririya ke nan, aska ta suɓuce ta faɗi kan tabarma. Ya ce bari ya ɗauka, hannu ya ƙi. Allah ya tsare yarinyar, ko ƙwarzane babu. Sabi'u aka aika wa ya zo ya ƙarasa.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan wata uku baki ya koma daidai, yana takawa da sanda. Ƙwayar hawan jinin kuwa yanzu ba ya fashin sha, Dela ke ɓare masa. Hannun dai bai dawo ba, kuma shi ke ci masa rai, ba ciwon ba.

Rannan maƙwabcinsa da aka yi wa haihuwa ya zo gaishe shi. Aka yi ta gaisuwa, mutumin yana kewaye-kewaye, ya kasa maganar askin. Zailani ya gane.

"Kirawo Sabi'u," in ji shi. "Hannunsa ba nauyi."