Ranar da Motar Likita Ta Yi Shiru

Ba likita ba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a bayan wata 'yar taga a asibiti, yana zuba ƙwayoyi a ƙunshin takarda, yana ce wa kowa, "Biyu da safe, biyu da yamma, kada a sha ciki babu komai." Amma wata tsohuwa ta taɓa ce masa Likita, shi kuwa bai ga dalilin ƙaryata tsohuwa ba, sai sunan ya biyo shi har gida. Ranar da ya yi ritaya aka karɓe farar rigar, aka bar masa sunan da motarsa.

Motar ita ce majinyaciyarsa ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa yi masa gardama ba. Ruwan toka ce, doguwa, ta girmi autarsa da shekara guda. Kowace safiya sai ya ɗaga murfin inji, ya zaro sandar auna mai, ya share ta da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta sama yana girgiza kai kamar mai duba zafin jikin yaro. Shekara biyu ke nan rabon da ya ga zanen da ke jikin sandar. Wata farar yana ce ta sauka a idonsa na dama kamar hazo a kan tafki, na hagun ma ya soma yi mata maraba. Bai faɗa wa kowa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ba mutane magani ba ya tsayawa a layi a ba shi.

Baƙin man da yake zuba mata kuwa, iri ɗaya ne tun tana amarya: tsinkakke, mai lamba goma da talatin, domin haka littafin motar ya ce. Littafin yana cikin aljihun gaban motar, a naɗe cikin leda, ya yi ja saboda tsufa. A wajen Likita abin da aka rubuta an rubuta. Sai dai motar ba ta karanta littafin ba. Ta ci gaba da tsufa abinta, ƙarafan cikinta suka sassauta, man yana silalewa a tsakaninsu kamar ruwa a kwando. Idan ya tayar da ita sai ka ji kamar an zuba cokula a tukunyar ƙarfe ana girgizawa, ga hayaƙi shuɗi yana bin ta a baya kamar mayafin da iska ta ƙwace.

Mu 'yan layin mun san wannan ƙara kamar yadda muka san muryoyin 'ya'yanmu. Da ta taso daga ƙofar gidansa, tela zai ja bencinsa ciki, mai faci ya kwashe tayoyinsa daga bakin hanya, iyaye mata su leƙo su kira yara. Har kajin layin sun koyi darasi. Shi kuma Likita yana tafe a tsakiyar titi, yana ganin inuwoyi suna darewa hagu da dama, sai ya fito da hannu ta taga yana ɗaga mana. A zatonsa girmamawa ce. Babu wanda ya yi ƙarfin halin gyara masa.

Autarsa ce ta kawo ƙarshen zaman lafiya. Malamar makaranta ce a wancan gefen gari, mace mai magana ɗaya. Ta zo wata Asabar, ta zagaya motar, ta shafa wani dogon ƙarzo a ƙofar baya.

"Baba, wannan fa?"

"Ƙofar gidan nan ce, tun da aka sake ta ta ƙara matsewa."

"Wannan na gaban kuma?"

"Wani mai babur ne marar tarbiyya."

"Yana tsaye ko yana tafiya?"

Ta sa ya tayar da motar, ta ja da baya tana tari, tana kore hayaƙin da gefen mayafinta. Sannan ta yanke hukunci, kuma ta yanke shi a kan wanda bai yi laifi ba.

"Motar nan ta gama, Baba. Wata rana za ta mutu maka a tsakiyar manyan motoci. Asabar mai zuwa zan dawo, ka kai ni kasuwa ka dawo da ni. In na ji wannan ƙara ko na ga wannan hayaƙi, makullin zai koma jakata. Ni zan riƙa kai ka duk inda kake so."

"Ni za a riƙa kaiwa, kamar buhu?"

"Kamar uba."

Makullin nan shi ne abu na ƙarshe da yake buɗewa da hannunsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ranar Litinin da sassafe ya nufi gareji.

Bakaniken mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, rigarsa ta sha mai har ba a san asalin launinta ba. Shekara ashirin yana yi wa motar juyen mai, shekara goma yana faɗin magana ɗaya. Ya ɗora bakin sukudireba a kan injin, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido.

"Me ka ji?" in ji Likita.

"Abin da na ji bara, sai dai bana ya ƙara jama'a. Baba Likita, tsinkakken man nan na budurwar mota ne. Taka ta zama kaka. Ƙarafanta sun buɗe, sai mai kauri ne zai cike tsakaninsu ya zauna. A ba ta ashirin da hamsin."

"Littafi ya ce goma da talatin."

"Wanda ya rubuta littafin ya ga motar yau?"

"Waɗanda suka ƙera ta sun fi ka sani."

"Sun fi ni sanin ta ranar da aka haife ta. Ni na fi su sanin ta yau da safe. Kai da kanka, lokacin da kake bayan taga, abin da kake ba jariri shi kake ba kakarsa?"

Wannan ta shige shi. Ya sa aka kawo galan biyu, tsinkakke da mai kauri. Bakanike ya miƙa masa ya karanta lambobin, sai ya kawar da kai, ya ce shi bai yarda da rubutun 'yan kasuwa ba. Ya ɗiga na farko a yatsa ya murza, ya ɗiga na biyu ya murza, ya raba yatsun a hankali, man ya miƙe a tsakaninsu kamar zaren zuma.

"Zai warkar da ita?"

"Tsufa ba ya warkewa. Zai dai rage mata surutu da hayaƙi. Kuma ka riƙa barin ta ta ɗumama kafin ka taka, mai kauri ba ya son gaggawa da safe. Kada kuma ka je ka ƙara wanda ya fi wannan kauri don ka ji daɗin shirun, sai ka shaƙe ta."

Likita ya nemi takarda da biro. Ya rubuta ashirin da hamsin da manyan haruffa masu hawa kan juna, ya ja layi a ƙasa, ya sa hannu, ya miƙa wa bakanike.

"Ga abin da za ka ba ta."

"To, Likita. Allah ya ƙara basira," in ji bakanike, ya soke takardar a aljihu ya shiga ƙarƙashin mota.

Aka tsiyaye tsohon man, baƙi ƙirin, mai ruwa-ruwa. Aka zuba sabo. Da aka tayar da ita cokulan suka yi ƙara kaɗan, suka yi ƙasa, suka kwanta. Abin da ya rage sai wani gurnani mai laushi, irin na kyanwar da ta ƙoshi. Hayaƙin ya koma siririn zare, sai ka tsura ido za ka gan shi. Likita ya tsaya riƙe da ƙugu, fuskarsa ta mutumin da ya ceto rai. Bakaniken ne ya kai masa ita gida, don yana son ya ji ta a kan titi, ta kwana biyar a rufe ana jiran ranar jarrabawa.

Asabar Auta ta zo. Ta zagaya bayan motar ta duba salansa, ta dawo ta saurara, ta ɗaga gira.

"Me aka yi mata?"

"Na canza mata magani."

Ta shiga ta zauna a gefensa. Ya bar injin ya ɗumama, ya gyara hula, ya fito da motar daga gida ba tare da ya taɓa ƙofa ba, wanda shi kansa abin a rubuta ne. Suka hau layin.

Tela yana kan bencinsa a bakin hanya, ya ba titi baya. Tayoyin mai faci suna baje. Yara suna buga ƙwallo. Babu wanda ya motsa, domin babu wanda ya ji komai. Likita ya ga inuwoyin sun tsaya cak a inda suke, abin da bai taɓa gani ba, ya fito da hannu ya ɗaga musu ko za su tuna da girmansa.

"Baba, benci," in ji Auta.

Ya karkata hagu.

"Baba, yara."

Ya karkata dama, ɓangaren da hazon yake. A can mai ƙwai yake tura kekensa, kiret shida a ɗaure a baya. Ba gudu ake yi ba, motar ta ɗan sumbaci tayar keken ne kawai. Keken ya yi tunani, sannan ya kwanta. Ƙwai ya malale a kan kwalta, rawaya da fari, yana sheƙi a rana.

Mai ƙwai ya tashi yana karkaɗe gwiwa. Ko ɓacin rai bai nuna ba, mamaki ne ya cika shi. Ya leƙo ta taga.

"Likita, kai ne? Wallahi ban ji ka ba. Kullum tun daga ƙofar gidanka nake jin ka, in shige kwana in jira ka wuce."

"Kullum?" in ji Auta.

"Kowa ma haka yake yi, Anti. Ai ba ya ganin wannan gefen."

Tela ya sunkuyar da kai a kan ɗinkinsa. Mai faci ya soma kwashe tayoyi, a makare. Auta ta juyo ta dubi mahaifinta, ba motar ba, karo na farko a wannan mako. Ta ɗaga yatsu uku a dama da fuskarsa.

"Nawa ne, Baba?"

Ya ci gaba da kallon gaba, hannayensa biyu a kan sitiyari. Injin yana ta gurnaninsa mai daɗi, lafiya lau.

"Sharaɗinki ƙara ne da hayaƙi," in ji shi. "Kin ji ƙara? Kin ga hayaƙi?"

"Ban ji ba, ban gani ba. Motar ta ci jarrabawa."

Ta miƙa tafin hannunta ta bar shi a buɗe. Sannan ya murɗa makullin, ya zare, ya laluba iska sau biyu kafin ya sami hannun nata.

Ita ta tuƙa su asibitin ido ranar Litinin, yana zaune a kujerar fasinja, yana faɗa mata ta yi saurin sa giya. A layin karɓar magani wani saurayi a bayan taga ya miƙo masa 'yar kwalba, ya ce, "Ɗigo biyu da safe, Baba." Har yau in ka zauna da shi zai gaya maka cewa baƙin mai ne ya cuce shi, kuma laifin bakanike ne.