Kunnen Jitar Maigandi

Da hantsi Baba Mati ke buɗe shagonsa a bayan tashar Batsari. Zai share ƙofa, ya yayyafa ruwa, sannan ya ɗauko wani tsohon gwangwanin alewa ya zazzage shi a kan tabarma. Wanda bai sani ba zai ce tarkacen bola ne. Kunnuwan jita ne, wato ɗan maganaɗisun nan mai naɗin waya da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyar jitar lantarki, wanda ke ɗaukar sauti ya miƙa wa lasifika. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana wannan aiki, haɗe da gyaran rediyo da lasifikar masallatai. Ƙarshen watan nan zai rufe, ya koma wurin 'yarsa a Katsina. Ni da nake ɗinki a shagon da ke jikin nasa, raina bai ba ni in bar shi ya tafi shiru ba.

A wurin Baba Mati sauti kashi uku ne: kai, ƙirji da gindi. Ƙirjin, wato na tsakiya, shi ne abin faɗansa da kowa. In makaɗi ya zo yana taƙama da sabon kunne daga Kano cikin leda mai ƙyalli, sai ya jona shi, ya kaɗa sau ɗaya, ya taɓe baki.

"Wanga kai gare shi kamar an yar da kwano, gindi na ta gurnani, amma ƙirji fayau. Mi za ka yi da shi?"

Siririn kunnen nan na gwanjo yakan yaba masa da ladabi, don ya raba ukun daidai, sai dai ba ya cika filin biki. Mai kauri mai naɗi biyu kuwa ƙirji gare shi har ya yi yawa. In ya haɗu da mawaƙi mai babbar murya sai su yi ta kokawa, jama'a su tashi ba su ji baiti ko ɗaya ba.

Shi ya sa ba ya zaɓar wa kowa kunne sai an kawo masa mai waƙar. Ba ya cewa a rera. Gaisuwa yake ja: ya gida, ya iyali, ya shanu, ya ruwa, ya mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Na sha tsokanarsa cewa gaisuwarsa ta fi ta surukai tsawo. Sai daga baya na gane muryar mutum yake aunawa, yana neman inda ta zauna don kada jita ta zauna mata a kai.

Haka ya yi wa Maigandi na Ruma da matarsa Turai. Shi ke kaɗa jita, ita ke waƙa, a cocinsu ranar Lahadi da kuma bukukuwan maƙwabta, Musulmi da Kirista. Muryar Turai siririya ce, tana can sama. Baba Mati ya gwada duk abin da ke cikin gwangwani, babu wanda ya yi masa. Sai ya karɓi tsohon keken ɗinkina, wanda har yau bai maido ba, ya ɗaura maganaɗisu a jikinsa, ya yi ta taka shi yana naɗa waya mai sirantar gashi. Kunnen da ya fito ƙirji ne zalla, ya tallafe muryarta daga ƙasa. Har Safana ake ɗaukarsu biki.

Sai shekarun nan na rashin tsaro suka zo. Bukukuwa suka koma na gaggawa, a ɗaura aure a watse kafin la'asar. Wata ranar kasuwa da rana tsaka 'yan bindiga suka tare motar da ta ɗauko Maigandi da Baba Mati, za su kai kayan kiɗa wani ƙauye. Maigandi bai dawo ba. Baba Mati ya dawo, amma an harba bindiga daf da kansa, kuma tun ranar ko kiran salla daga lasifikar da shi ya ɗaura ba ya ji. Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar ganinsa yana jera kunnuwan nan kowace safiya ba.

Turai ta baro Ruma da 'ya'yanta bayan an ƙone unguwarsu, ta daina waƙa. Da shekara ta zagayo, ƙanin mijinta Jinjiri ya samo wata jita mai sabon kunne irin na cikin leda, don ta yi waƙa ko ɗaya a taron tunawa da mamacin. Ta buɗe baki, ta yi layi biyu, ta zauna. Ta ce ba ta da inda za ta jingina muryarta. Washegari ta zo shagon da ƙonannen kunnen jitar Maigandi, wanda ta tsinto a tokar gidansu, ƙulle a bakin zane.

Hashimu mai shayi shaida ne, ni ma haka. Baba Mati ya miƙa mata makirfo, ya durƙusa ya manna muƙamuƙinsa a jikin akwatin lasifika, don ƙashi na jin abin da kunne ya rasa.

"Gaishe ni, ɗiyata," ya ce. "Ja ta da tsawo."

Ta gaishe shi. Ya tambayi yara, ya tambayi masauki, ya tambayi mutanen Ruma da suka watse, tana amsawa, shi kuwa ido a rufe. Kwana huɗu yana taka keke. Sau biyu yana warware naɗin ya sake.

Ranar da aka jona sabon kunnen, Jinjiri ya kaɗa, sai fuskar Turai ta canza.

"Baba, wanga ba muryar jitar Maigandi ba ce."

Na rubuta masa abin da ta ce a bayan kwalin zare. Ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Na sani. Ke ma ba muryar da Maigandi ya bari ba ce gare ki. Kuka ya saukar da ita ƙirji. In na maido miki tsohon, bisa kanki zai hau. Wanga na rage mashi tsakiya, na bar miki wurin."

Ta ɗauki makirfo. Sannan ta ce wa Jinjiri ya sake kaɗawa. Ta rera waƙar tun daga fari har ƙarshe a nan bakin tasha, da wata murya mai nauyi da ban san ta da ita ba. 'Yan acaɓa suka kashe baburansu. Hashimu ya bar shayi ya ƙone. Ni kuka na yi, ba zan ɓoye ba.

Baba Mati, kai ne ka san wanda ya sha wuya ba tsohon kayansa yake buƙata ba, wuri yake so a yi masa yadda ya koma. Kai ne ka gyara wa garin nan sauti har bayan an ƙwace maka naka. Ba a taɓa kiran sunanka a lasifikar da ka gyara ba, to yau na kira. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa Katsina ta karɓe ka. Keken kuma na bar maka.

Ku da kuka rage, masu gyara da masu magani da masu rabon tallafi, garin nan cike yake da mutanen da muryarsu ta sauka. Kafin ku buɗe gwangwaninku, ku ja gaisuwa, ku saurara.

Da Turai ta gama waƙar ranar nan, Baba Mati ya ɗago daga jikin akwatin, shatin katako a kumatunsa. Ya dube ni ya ce, "Tela, ta kai ƙarshe?"

Na ɗaga masa kai.